Na kusa rasa karena saboda hoto: ya dace a riƙa shiga hamada da dabbar gida?

Mai Kamara:
Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan maganar nan na cina a rai, yau na ce gara in kawo ta gabanku ko na samu shawara.

Shekara uku ina shiga hamada a ƙafa ina ɗaukar hoto, kuma da wuya in fita ba tare da karena Jarumi ba. Asabar ɗin da ta wuce muka bar mota tun da duhun asuba, muka nufi wasu tuddan yashi da na daɗe ina hange daga nesa. Niyyata mu juyo kafin hantsi ya dubi ludayi. To hasken ranar ya yi kyau irin wanda ban taɓa samu ba. Rana tana can ƙasa-ƙasa, ƙananan layukan da iska ta zana a jikin yashi duk sun fito kowanne da inuwarsa, ga sawun ƙwari da na ƙadangaru ko'ina, ba wanda ya taka. Na hau tudu ɗaya, sai na hango wani a bayansa da ya fi shi. Na ce daga wannan sai gida. Da na hau shi na sake hango wani. Ban farga ba sai da agogo ya nuna goma da rabi.

Ina waiwayowa na ga Jarumi yana ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗaya, kamar wanda ke kan garwashi. Harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu mai kauri yana dalala. Na durƙusa na dafa yashin, wallahi ban ƙirga uku ba na janye hannuna. Ni takalmi mai kaurin tafi ne a ƙafata, sam ban san abin da yake takawa ba. Na ba shi ragowar ruwan, na jiƙa masa ciki da ƙafafu, na saɓa shi a wuya. Kilo 22 ne, kuma tsakaninmu da mota ya kusa kilomita biyu. Fatar dagin ƙafafunsa na gaba duka biyu ta saluɓe. Yanzu haka yana kwance da bandeji.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bai yi kuka ba, bai noƙe ba. Duk inda na sa ƙafa yana biye da ni. To in haƙura da fita da shi gaba ɗaya, ko akwai yadda ake yi?

'Yar Mage:
Wayyo, sannu Yaya. Allah ya ba shi lafiya. Ina karantawa jikina ya yi sanyi.

Anti Likita:
Wa'alaikumus salam. Sannu Malam. Duba dabbobi shi ne aikina, kuma irin wannan na gani ba sau ɗaya ba. Abu biyu ne suka haɗu masa, ƙunar dagi da hauhawar zafin jiki, kuma na biyun shi ne mai kisa.

Mu mutane da gumi muke hucewa, duk jiki ya tsatsafo da ruwa iska ta busar. Kare ba shi da wannan gatan. 'Yan kafofin gumin da ke daginsa ba su taka kara sun karya ba. Da haki yake sanyaya jikinsa: iska ta bi ta kan harshe da maƙogwaro, ta kwashi danshi ta fita. Idan iskar da yake shaƙa ita ma mai zafi ce, hakin ya koma wahala kawai. Ga shi jikinsa kusa da ƙasa yake, inda hucin ya fi yawa. Kai kana tsaye iska na kaɗa maka fuska, shi kuwa yana cikin tanderu.

Zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 ne zuwa 39 da 'yan ɗigo a ma'aunin Salshiyas. Da ya kai 41 an shiga haɗari, domin ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa duk suna iya taɓuwa. Alamun da ka gani su ne na farko. Bayansu sai dasashi ya yi ja zur, sai tangaɗi, sai amai, sai faɗuwa. Kuma wani karen sai ya ga kamar ya warware, kashegari ƙodarsa ta nuna. Shi ya sa ko ya miƙe yana kaɗa wutsiya, a kai shi a duba.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi: lambar da waya ke nunawa zafin iska ne a inuwa. Yashin da ke cikin rana yakan ɗara wannan da digiri 20 ko 30. A hamadar Lut ta Iran tauraron ɗan'adam ya auna zafin doron ƙasa ya kai 70.7 a shekarar 2005. Don haka kada ka tambayi waya, ka tambayi hannunka. Ɗora bayan hannu a ƙasa ka ƙirga bakwai a tsanake. Ka kasa, shi ma ba zai iya ba. Kuma ba sau ɗaya ake gwadawa ba, duk rabin awa.

Jiƙa masa ciki da ka yi daidai ne. A fara sanyayawa tun a wurin kafin a kama hanya, a zuba ruwa a jiki a bar iska ta buga, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin yana riƙe zafi.

Baban Tsuntsaye:
Allah ya sawwaƙe, yarona. Amma tunda shawara ka nema, ni tawa ita ce ka bar shi a gida. Ba don lafiyarsa kaɗai ba.

Shekaruna sun haura ashirin ina bin tsuntsaye da kamara. Akwai wata tsuntsuwar hamada mai kama da kurciya, gajerun ƙafafu gare ta, a ƙasa take ƙwai ba a bishiya ba. Namijin yakan yi tafiyar kilomita masu yawa zuwa inda ruwa yake, ya tsugunna a ciki ya jiƙa gashin cikinsa, ya tashi ya koma wurin 'ya'yansa su tsotsi ruwan daga jikinsa. Safiya biyu na yi ina kwance bayan wani dutse kusa da ɗan tafkin da suke sha. A ta biyun garken ya sauko, sun fi ɗari, suna takowa a hankali suna tsayawa suna dube-dube. Na farkonsu sun fara shiga ruwa ke nan sai ga wani kare da gudu, mai shi na can baya yana kira. Suka tashi gaba ɗaya. Har rana ta take ba su dawo ba. Ba hoton da na rasa ne ya dame ni ba, 'ya'yan da ke jira ne a wani wuri cikin rana.

Mai karen ya iso yana ce min ai ba ya cizo. Ba sai ya yi cizo ba. A wurin dabbar daji, kare mafarauci ne, ko warinsa ya isa. An yi bincike a dazuzzukan kusa da Sidni a Ostareliya a 2007, aka ga inda ake wucewa da karnuka, ko da igiya a wuyansu, yawan tsuntsaye ya ragu da kashi 41 cikin ɗari, ire-irensu kuma da kashi 35. Kunkurun hamadar Mohabi a Amurka a mafitsararsa yake ajiye ruwan da zai kai shi rani. In aka firgita shi sai ya saki fitsarin, kuma wannan na iya zama ajalinsa. Komai a hamada a kan lissafi yake rayuwa. Gudun da barewa ta yi don tsoron karenka, ruwan jikinta ne ta ƙona, kuma ba famfo za ta je ta mayar ba.

Ɗan Tafiya:
Baba, maganarka dutse, amma ka yi min izini in ɗan saɓa. Wanda ya yi maka ɓarna a tafkin nan mai karen ne da ya sake shi, kuma ya kai shi inda bai kamata ba. Bakin ruwa a hamada ba wurin kare ba ne, ko da igiya. Wannan na yarda ɗari bisa ɗari. Amma a ce ko'ina kada a je, nan ne ban bi ka ba.

Na yi yawo da karena a kudu maso yammacin Amurka, kuma yadda suka tsara abin ya burge ni, domin wuri-wuri suka bi. A gandun Joshua Tree na Kalifoniya ba a yarda kare ya hau hanyoyin ƙafa ba sam. Iyakarsa kusa da titi da sansanin kwana, kada ya yi nisan da ya wuce mita 30 daga nan. A White Sands na Niyu Mekziko kuwa an yarda ka hau tuddan da shi, muddin yana cikin igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba, wato ƙasa kaɗan da mita biyu, kuma ka kwashe kashinsa. Yashin can ma daban ne, fari fat, na wani ma'adini da ake kira jifsam, ba ya ɗaukar zafi kamar yashin da muka sani. A Great Sand Dunes na Kolorado ma ana shiga da kare, amma suna gargaɗi cewa yashin na kaiwa digiri 65 da rani. To ka ga kafin mutum ya ɗauki igiya, ya fara tambayar dokar wurin.

Kuma tafiyar mutum da kare cikin hamada ba yau aka fara ba. A Shuwaimis da Jubba a Saudiyya akwai zane-zane a jikin duwatsu da masana suka ƙiyasta sun kai shekara 8,000, na maharba da karnukansu, wasu karnukan da layi daga wuyansu zuwa ƙugun maharbin. Ana ganin igiya ce. Mutanen farko ma sun san ba a sakin su haka kawai.

Baban Tsuntsaye:
Na ji, ɗana. Amma binciken da na kawo da igiya aka yi shi. Igiya na rage ɓarna, ba ta kawar da ita.

Ɗan Tafiya:
Haka ne Baba. Mu ma da muke tafiya da ƙafa biyu muna korar su, sai dai ba kamar kare ba. Ni abin da nake yi, in na ga wurin da rai ya taru, ruwa ko inuwar itatuwa ko ramuka, ina kewayewa nesa. Filin yashi da tsakuwa shi ne namu.

Mahayin Tudu:
Ni fa ban gane wannan tsoron ba. Kare dabba ne, ya san abin da zai cutar da shi. Karnukan Azawak da Saluki ba a hamada suke rayuwa ba? Wa ke sa musu takalmi? A 2019 wani kare da aka sa wa suna Kaktus ya shiga tseren Marathon des Sables a Maroko, ya bi 'yan gudu kwana da kwanaki cikin Sahara, lafiya ƙalau ya gama. Ɗaure kare a fili mai faɗi irin wannan ni a wurina zalunci ne. Ku sake shi ya yi gudu, in ya ji zafi zai nemi inuwa da kansa.

Mai Kamara:
Ɗan'uwa, da haka nake tunani. Jarumi ba a ɗaure yake ba ranar. Akwai 'yar inuwa a gindin tudun farko, bai tsaya a can ba, ni ya biyo.

Anti Likita:
Malam Mahayin Tudu, amsar da Mai Kamara ya ba ka ita ce gaskiyar lamarin. Karen da ke yawon kansa zai kwanta a inuwa in rana ta yi. Karen da ke tare da mai shi ba zai kwanta ba, domin rabuwa da kai ta fi masa zafin yashi ciwo. Wanda ke bin zomo ma haka, ba ya jin komai sai ya faɗi. Saboda haka kai ne za ka ce ya isa, shi ba zai taɓa cewa ba.

Azawak kuma ka dubi halittarsa: dogayen ƙafafu da suka ɗaga jikinsa daga ƙasa, siririn jiki ba kitse, gashi kamar babu. Ƙarni da ƙarni ne suka gina shi haka, daginsa kuma ya yi kanta tun yana ɗan kwikwiyo. Duk da haka da tsakar rana a inuwa za ka same shi. Shi Kaktus kare ne da ya saba yawon yankin, kuma cikin tsere yake inda ake ba shi ruwa ana duba lafiyarsa a zango. Kada a ɗauki wannan a auna karen da ya tashi a kan siminti da tabarma. Masu gajeren hanci irin su buldog kuwa ko kusa kada a gwada, haka tsoho da mai ƙiba da mai ciwon zuciya.

Ka dubi 'yan asalin wurin ma. Yanyawa, da kunnuwanta masu fitar da zafi da gashin da ya rufe mata tafin ƙafa, a rami take wuni sai dare take fita. Akwai wata tururuwa mai launin azurfa a Sahara da ta shahara wajen jure zafi, ita ma fitar da take yi da tsakar rana ba ta wuce minti goma ba take komawa rami.

Mahayin Tudu:
To na ji ta zafi. Amma ta igiya har yanzu ban gamsu ba.

Ɗan Tafiya:
Bari in ba ka dalilin da ya gamsar da ni. Akwai maciji mai ƙaho a Sahara da ke binne jikinsa cikin yashi, idanu kawai ke waje. Kububuwa kuma tana lafewa gindin ciyawa da ƙarƙashin dutse. Kare da hanci yake bincike, shi ya sa yawancin saran a fuska ko ƙafar gaba yake samunsa. In yana nesa da kai mita ɗari, ba ka ga abin da ya sare shi ba, ba ka san yaushe ba. Ni doguwar igiya nake amfani da ita inda doka ta bari, a ɗaure a ɗamarar ƙirji ba a wuya ba, ɗaya bakin kuma a ƙuguna, hannuwana biyu na kan kamara. Yana samun walwala, ni kuma ina ganin inda hancinsa ke shiga.

Anti Likita:
In tsautsayi ya faɗa aka sare shi: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure ƙafar tamau. A cire abin wuya in a fuska ne domin kumburi, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibitin dabbobi. Allurar kashe dafi ita ce magani. Tun kafin a fita a san asibitin da ya fi kusa, a kuma tabbata rigakafinsa na ciwon hauka bai wuce lokaci ba.

Sai tsirrai. Tumfafiya ruwanta fari guba ne, in ya shiga ido ma yana yin illa. Akwai kuma wani ɗan kankana mai ɗaci da ke yaɗo a kan yashi, zagaye kamar ƙwallo, kare na iya ɗauka ya tauna, yana sa gudawa mai tsanani. Ƙarangiya da tsidau kuwa tsakanin yatsu suke maƙalewa. A riƙa tafiya da hantsaki da ƙaramin mataji, duk hutu a ɗaga ƙafafun huɗu a duba.

Sabon Shiga:
Ina ta karantawa ina ƙaruwa. Ni tambayata ta hoto ce, ku yi haƙuri in na kauce. Karena baƙi ne wuluk. Duk hoton da na ɗauke shi a kan yashi, ko dai ya fito dunƙulen baƙi ba ido ba baki, ko yashin ya fito toka-toka. Kamarar ce ba ta da kyau?

Mai Kamara:
Ba ka kauce ba ƙanena, kuma kamararka lafiya lau. Ma'aunin haske na kamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki ne. In ya ga fili cike da yashi mai haske sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Yashi ya koma toka, baƙin kare ya ƙara nutsewa. Ka nemi maɓallin da ke da alamar +/- ka ƙara mataki ɗaya, wani lokaci ɗaya da rabi, kana duba kada wurare masu haske su ƙone. In kamarar na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, ka yi da shi, za ka iya fito da gashinsa daga duhu daga baya.

Amma babban maganin lokaci ne. Da tsakar rana haske daga sama yake sauka, tuddai su baje ba inuwa ba siffa, idon kare ya faɗa cikin duhu. Awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta, haske daga gefe yake zuwa. Ka sa ranar ta bugi gefen fuskarsa, ka kwanta rub da ciki kamara daidai idonsa, ka jira ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar idon sannan ka danna. Yashin ma yana mayar da haske ƙarƙashin haɓarsa, kyauta. In gudu yake, saurin ɗauka kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, za ka ga ƙwayoyin yashin da ƙafarsa ta watsa sun tsaya cak a iska. In kuma ka sa rana a bayansa, gefen gashinsa zai kama wuta kamar an zana shi da zinare.

Wani amfanin kare a hoto: tudun yashi shi kaɗai ba a gane girmansa. Ka bar shi ƙarami a can ƙarshen doron tudu, sai mai kallo ya ji faɗin wurin. Amma ka ɗauki hoton yashin da ba a taka ba tukuna, don da ya wuce shi ke nan.

Ina rubuta wannan ne ina jin nauyi, domin na san duk wannan. Hasken da nake nema ya ƙare tun wajen ƙarfe takwas. Awa biyu da rabin da na ƙara babu abin da suka ba ni.

Ɗan Tafiya:
In ƙara masa: kada ka canja gilashin kamara a fili in iska na kaɗawa. Ka zaɓi ɗaya tun a mota. Yashi in ya hau gilashi a hure shi da ɗan famfon roba, kada a goge da ƙyalle, karcewa yake. Kuma kare in ya girgije kusa da buɗaɗɗiyar jaka, ka gama.

Baban Tsuntsaye:
Tunda an zo kan taka ƙasa, akwai abin da ban ji an ambata ba. Ba duk hamada ce yashi ba. Sahara da ta kai murabba'in kilomita miliyan 9, tuddan yashinta ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, saura dutse ne da tsakuwa. A wasu hamadun za ka ga ƙasa ta yi baƙi-baƙi da ƙuraje kamar ɓawon da ya ƙone. Wannan ɓawon rai gare shi, gansakuka ne da ƙananan halittu suka saƙa shi, shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe. Taku ɗaya na fasa shi, kuma sai ya shekara goma-goma bai koma ba. A hamadar Namib sawun tayar mota a irin wannan fili na daɗewa shekaru masu yawa. Sawu a tudun yashi iskar dare za ta share. Sawu a kan ɓawon nan jikanka ma zai iya tarar da shi. In dai sai kun je da karnukan, ku tsaya kan hanyar da aka riga aka taka, ko kan dutse, ko kan yashi tsantsa.

'Yar Mage:
Anti, ni mage gare ni. Tana yarda da ɗamara da igiya a tsakar gida. Ina ganin hotunan masu yawo da maguna a jakar goyo, raina na biyawa. Tunda an ce asalin mage daga busassun ƙasashe take, ba za ta fi kare jurewa ba?

Anti Likita:
Ƙanwata, gaskiya ne kakanninta magen daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ƙodarta na tattalin ruwa. Amma wannan ne ma matsalar, ba ta cika shan ruwa ba ko tana buƙata, balle a baƙon wuri. Mage kuma da wurin zamanta take shaƙuwa, ba kamar kare da ke shaƙuwa da mutum ba. In ta firgita ba wurinki za ta gudo ba, rami ko ƙarƙashin dutse za ta nema, kuma ta iya zame ɗamara ta baya. In kin ga mage ta buɗe baki tana haki, abin ya riga ya yi nisa. Jakar goyo mai rufin roba kuwa zafi take tarawa. In za ki gwada, gajeriyar fita da sassafe kusa da mota, ki bar ta ta zauna kan dutse ki ɗauki hotonki ku koma. Doguwar tafiya ba tata ba ce.

'Yar Mage:
Na gode Anti. Zan fara da kusa in ga yadda za ta yi.

Sabon Shiga:
Ruwa fa, nawa ake ɗauka?

Ɗan Tafiya:
Anti za ta gyara min in na yi kuskure. Kare yana zaune a gida ma yana buƙatar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 20 ya haura lita ɗaya ke nan bai yi komai ba. In ana tafiya cikin zafi ni ninkawa nake yi har in ƙara. Kai kanka lita huɗu a wuni ita ce mafi ƙaranci. Gorarsa daban tawa daban, don in san abin da kowa ya sha. Kaɗan-kaɗan nake ba shi duk minti ashirin, ba na jira sai ya nema. Kuma da ruwa ya kai rabi na juya, ko me na hango a gaba. Akwai wata jarka da nake bari a mota ba na lissafa ta.

Abu na ƙarshe, tunda neman inuwa na kai mutum cikin kwazazzabo da busasshen rafi: ruwan da aka yi a nesa, inda ko hadarin ba ka gani ba, yana iya gangarowa ya same ka. A 1997 ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope na Arizona, alhali ruwan can sama aka yi shi. Kada a kafa tanti a cikin rafi don ya bushe. Da dare kuma in za ka ɗauki taurari, kare ya kwana cikin tanti. Ka nemi tocila mai hasken UV, irin hasken da ake duba takardar kuɗi da shi, kunama na ƙyalli kore-kore a ƙarƙashinta, ka haska wurin kafin ku zauna.

Anti Likita:
Lissafinka daidai ne.

Mai Kamara:
Na gode muku duka. Baba, maganar tsuntsayen nan ta shige ni. Akwai wani kwari mai 'yan itatuwa da nake yawan bi da shi, inda nake ganin sawun barewa. Can ba zan sake kai shi ba, in zan je ni kaɗai zan je. Tuddan yashi kuwa in ya warke za mu koma, amma sai sanyi ya shigo, da igiya, kuma zan sa ƙararrawar waya ta buga awa ɗaya da rabi bayan fitowar rana.

Yau da safe aka canja masa bandeji. Sabuwar fata ta fara fitowa, ja-ja, laushi kamar ta jariri. Da ya ga na ɗauko jakar kamara don in share ta sai ya miƙe yana ɗingishi ya je bakin ƙofa ya tsaya. Sai da na zauna ƙasa kusa da shi na daɗe.

Anti, an ce min in saya masa takalma. Suna da amfani kuwa?

Anti Likita:
Suna da shi, amma su ƙafa kawai suke karewa, ba sa hana jiki ɗaukar zafi, kada su sa ka ƙara minti ko ɗaya a rana. Ka bari sai fatar ta yi ƙwari tukuna, sabuwar fata ba ta son gugar komai. Wajen awo, ka tsayar da shi kan takarda nauyinsa na kan ƙafar, ka zana faɗin dagin, kuma ka auna na gaba daban na baya daban domin na gaba sun fi faɗi. Ya fara sa su a cikin gida minti biyar-biyar har ya daina tafiya yana yarfa ƙafa. In kun fita, duk hutu ka cire ka zazzage, yashi in ya shiga ciki gurzar fata yake yi. Ka turo min hoton dagin bayan kwana uku in gani.